Darasi: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Manufar darasi

Bayan an kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. Bambanta hanyoyi uku na samun wurin zama: haya, ginin mutum shi kaɗai, da ginin gama-kai.
2. Nuna yadda gayya da adashe da asusu za su iya zama tushen ƙungiyar gina gidaje.
3. Lissafa abin da ƙungiya za ta tara a wata da shekara, da ɗakunan da kuɗin zai gina.
4. Faɗin takardun da ya kamata a mallaka kafin a aza tubalin farko.

Karatu

Bayan an gama girbin gero, wani matashin magidanci ya dawo Mai Yara daga Maraɗi, inda yake dako a kasuwa. Da aka sauko daga sallar la'asar sai ya tafi gaida ƙanen mahaifiyarsa, ya same shi a ƙofar gida yana saƙar zana. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, barka da aiki."

"Barka kadai, ɗana. Ya Maraɗi? Ya iyalin naka?"

"Lafiya lau suke, Kawu, suna gaishe ka. Sai dai maganar ɗaki ta hana ni barci. Shekara shida ke nan ina biyan haya, yanzu kuma mai gidan ya ce zai ƙara kuɗi. Shigifar da na bari a nan, ga ta can damina ta kayar. Can ba nawa ba, nan ma babu."

Dattijon ya ajiye aikinsa ya ce, "Ku nawa ne a cikin sa'o'inka masu irin wannan damuwa?"

"Ai Kawu, mun fi goma."

"To, ɗana, lokacin da aka yi wa mahaifinka ɗakin aure, ba a biya kowa ko dala ba. Mu muka kwaɓa ƙasa, mu muka ɗauki jinka, iyayenku mata suka yi daɓe. Fura kawai aka dama. Me ya hana ku goman nan ku yi haka?"

Ana cikin haka sai matar kawun ta fito da ruwan sha, ta ji ƙarshen zancen. Ta ce, "Malam, gayya kaɗai ba ta sayen kwano da ƙofa. Ɗana, in kuna so abin ya ɗore, ku zo ranar zaman asusunmu ku ga yadda muke yi. Akwati da makullai uku, kowace ta zuba a gaban kowa, a kuma ƙirga a gaban kowa."

Matashin ya ce, "Inna, wallahi kin kawo shawara. Ƙarfin gayya, da tsarin asusu."

Kawun ya ce, "Da takardar fili. Kada ku manta da wannan."

Inda matsalar take

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kuma jihar Maraɗi ce ta biyu a yawan jama'a, da mutum wajen miliyan 3 da dubu 400. A lokacin, yawan jama'ar ƙasar yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Ma'anar wannan ita ce, garin da yake da mutum dubu ɗaya yau zai kai dubu biyu kafin shekara 20. Kowane saurayi da ya yi aure ɗaki yake bukata. Tsakar gida ta cika, gonaki sun matso har bakin gari, itacen rufi ya yi wuya, kwano da siminti kuma daga nesa ake kawo su, da kuɗin mota a kansu.

Ga kuma ruwa. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A waccan daminar ce tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe. Talaka da ɗakinsa ya faɗi yakan sake tayar da shi cikin gaggawa, a wurin da ya faɗi, da irin ginin da ya faɗi, domin abin da ƙarfinsa ya kai ke nan.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce haya. A ƙauye ba a cika yin ta ba, an fi aron ɗaki wurin ɗan'uwa. Amma duk wanda ya je cin rani Dakoro ko Maraɗi ko Yamai ko Kano ya san ta. Amfaninta shi ne mutum ya samu wurin kwana yau ba tare da ya tara dukiya ba. Illarta kuwa, kuɗin da aka biya ya tafi ke nan, kuma ranar da mai gida ya so sai a tashi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya sayi fili ya gina shi kaɗai. Wannan shi ne burin kowa, amma nauyinsa duka a wuyan mutum ɗaya yake: fili, birgi, magini, rufi, ƙofa, katanga, makewayi. Shi ya sa ake ganin kangaye da yawa a gefen garuruwa, an kai ginin rabi kuɗi ya ƙare, damina tana cinye shi kaɗan-kaɗan.

Hanya ta uku ita ce darasinmu na yau, kuma tana da fuska biyu. Fuska ta farko ƙungiyar gama-kai ta gidaje: mutane su haɗu da yardarsu, su tara kuɗi da ƙarfi, su samu fili, su gina, ƙungiya ta riƙe mallaka, kowane mamba ya samu haƙƙin zama wanda ba mai korarsa muddin yana cika alkawari. Fuska ta biyu zaman haɗaka: kowane iyali da ɗakunansa da sirrinsa, amma an haɗa wasu abubuwa, kamar rijiya ko famfo, zaure, rumbu, wurin ɗaure dabbobi, filin wasan yara. Ana iya yin ɗaya ba tare da ɗaya ba, ana kuma iya haɗa su.

Abin da muka gada

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan hanya. Jinka ita ce rufin ciyawa da ake ɗaurewa a ƙasa sannan a ɗaga a ɗora bisa kago. Komai ƙarfin mutum ba ya iya ɗaga ta shi kaɗai, sai an kira maƙwabta sun kewaye ta, kowa ya sa hannu. Daga nan karin maganar da muka sa wa wannan darasi ta fito. Gayya ta noma, gayyar kwaɓa ƙasa, daɓen da mata suke yi a ɗakin amarya, duk aikin gama-kai ne, ladan kowa shi ne ranar tasa bukatar za a zo masa.

Gandu kuma shi ne zaman haɗaka irin namu. Uba da ƴaƴansa da ƙannensa suna cikin gida ɗaya, kowane magidanci da sashensa, amma zaure ɗaya, rumbu ɗaya, babbar gona ɗaya, sannan kowa yana da gayaunarsa. Bambancin gandu da ƙungiyar da muke magana a kai guda biyu ne. A gandu jini ne ya haɗa mutane, a ƙungiya kuwa yarda ce. A gandu maganar mai gida ita ce ta ƙarshe, a ƙungiya kowane mamba murya ɗaya gare shi, ko mai shanu ne ko mai akuya ɗaya.

Adashe ya koya mana tara kuɗi bi da bi. Sai kuma asusun mata, wanda jiharmu ta ba duniya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da wasu mata a ƙauyukan jihar Maraɗi a kan tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata su haɗu kowane mako, su zuba abin da suka amince a kai, a ajiye cikin akwatin ƙarfe mai ƙwado uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban. Mai bukata ta ranta ta mayar, in zagaye ya cika a raba. Babu wanda ya kawo musu jari daga waje. Wannan tsari da aka fara a nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Matan da yawancinsu ba su shiga lakwal ba sun nuna cewa talaka yana iya ajiya, yana kuma iya riƙon amana in tsari ya yi kyau.

Tarihinmu yana da wani darasin kuma. A 1962 gwamnati ta kafa hukumar UNCC domin yaɗa ƙungiyoyin gama-kai da ba da rance ga manoma. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, matasa suka gina azuzuwa da yin ayyukan gari ta hanyar gayya. An yi aiki, amma da yake umarnin daga sama yake zuwa, mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin na gwamnati, da hannun gwamnati ya janye sai ƙarfinsa ya ragu. Asusun mata kuwa ya ɗore saboda kuɗin nasu ne, dokar tasu ce. Ya kamata ƙungiyar gidaje ta bi sawun asusu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A 1844, a garin Rochdale na Ingila, wasu ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, suka haɗa ƴan kuɗinsu suka buɗe kanti nasu na kansu. Ƙa'idojin da suka bi su ne tushen ƙungiyoyin gama-kai na zamani, musamman ƙa'idar mutum ɗaya murya ɗaya. Tun a cikin manufofinsu na farko sun sa gina wa mambobi gidaje.

Misalin da ya fi kama da gayyarmu yana ƙasar Urugwai, a Kudancin Amurka. A 1968 aka yi dokar gidaje wadda ta amince da ƙungiyoyin gina gida ta hanyar taimakon juna, a 1970 kuma ƙungiyoyin suka haɗu a ƙarƙashin tarayya mai suna FUCVAM. Kowane iyali yana ba da wajen awa 21 na aikin gini a mako, maza da mata, ƙarƙashin jagorancin ƙwararru, kuma ana lissafa wannan gumi a matsayin kashi 15 cikin 100 na kuɗin ginin. Sauran kuɗin rance ne da ƙungiya take biya a hankali. Gidajen na ƙungiya ne, iyali yana da haƙƙin zama, ƴaƴa suna gadon wannan haƙƙi, wanda zai fita kuma a mayar masa da abin da ya zuba, ba a sayar da gidan a kasuwa. Ku lura da wata hikima tasu: ba wanda ya san gidan da zai zama nasa sai an gama ginin duka an jefa ƙuri'a. Saboda haka kowa yana gina kowane bango kamar shi zai kwana a bayansa.

Zaman haɗaka na zamani kuma a ƙasar Danmak ya fara. A 1972 iyalai 27 suka tare a wata unguwa da suka tsara da kansu, mai suna Sættedammen, arewa da babban birnin ƙasar. Kowane iyali da gidansa, amma akwai babban ɗaki na kowa da kowa inda ake dafa abinci a ci tare a wasu ranaku, yara suna wasa a fili ɗaya, idon kowa yana kansu. Abin da ya kai su ga haka shi ne kaɗaici da wahalar renon yara a gidan da ba maƙwabci mai leƙowa. Wato sun yi shawara da zane da kashe kuɗi domin su samu abin da zauren gidan gandu ya daɗe yana ba mu. Wannan ya isa ya sa mu riƙe namu da daraja.

Lissafi

Adadin da ke ƙasa misali ne domin koyon lissafi. Ku sa farashin kasuwarku na yau a madadinsa. Ku tuna jika ɗaya ita ce sefa 1,000.

Na ɗaya, haya. A ce mutum yana biyan jika 5 a wata. A shekara ya biya jika 60. A shekara goma ya biya jika 600, kuma ko ƙusa ɗaya ba tasa ba ce a ɗakin.

Na biyu, ginin mutum shi kaɗai. A ce ɗaki ɗaya yana cin jika 240: jika 150 na kwano da ƙofa da taga da ladan babban magini, jika 90 na leburori masu buga birgi da ɗebo ruwa da miƙa ƙasa. Mai ajiye jika 5 a wata sai ya yi wata 48, wato shekara huɗu, kafin ya tara.

Na uku, ƙungiya. Mutum goma, kowa jika 5 a wata, an tara jika 50 ke nan. Aikin leburori gayya ta ɗauke shi, saura jika 150. Duk wata uku an tara kuɗin ɗaki ɗaya. Na farko ya samu kuɗin ɗakinsa a wata na 3, na ƙarshe a wata na 30. Ko wanda ƙuri'a ta bari a baya ya riga mai gini shi kaɗai da wata 18.

Na huɗu, katanga. Fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15 yana bukatar katanga mita 70. Filaye huɗu a warwatse, mita 280. In aka jera su biyu gaba biyu baya suna jingine da juna, katangar waje mita 140, ta tsakiya mita 70, jimla mita 210. An rage mita 70, wato katangar gida guda cur.

Daga wannan lissafi za ku ga inda sauƙin yake fitowa: gumin gayya, sayen kaya a dunƙule da ɗauko su a mota ɗaya, da raba abin da za a iya rabawa. Manomi ba shi da albashin wata, don haka ƙungiya tana iya amincewa a zuba da kaka, da tiyar gero ko ta wake, a rubuta adadin kowa, a ajiye a rumbun ƙungiya, a sayar lokacin da hatsi ya yi daraja. Wanda ya tafi cin rani ya aiko da kuɗi, ya kuma wakilta wanda zai tsaya masa ranar gayya.

Fili da takarda

Yawancin rigingimun gida daga fili suke tasowa. A Nijar, dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye waɗanda aka fi sani da Kofo. Akwai na gunduma, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na ƙauye wanda mai gari yake jagoranta. Ta hannunsu ake samun takardar shaidar gado ko saye ko kyauta ko aro ko jingina. Ko da ɗan'uwa ne ya ba da filin kyauta, a rubuta, a auna, a sa shaidu, magadansa su sani tun yana raye. A cikin birni kuwa, inda hukuma ta yanka filaye, sai an ga takardar filin ta asali an kuma tabbatar da ita a ofishin da ya bayar kafin a biya ko dala.

Wajen zaɓen wuri, ku tambayi tsofaffi inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi a shekarar da damina ta yi ƙarfi. Kada a gina a kwari ko a bakin tafki. Gundumar Dakoro ƙasar manoma ce da makiyaya, don haka kada a taɓa burtali ko makiyaya ko hanyar mashaya, komai arahar wurin. Makewayi ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30.

Ita ma ƙungiyar tana bukatar takarda. Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA. A ranar 15 ga Disamba 2010, a birnin Lome, aka amince da dokar ƙungiyoyin gama-kai. Ta tanadi iri biyu: mai sauƙin tsari, wadda ake kira SCOOPS, mutum biyar sun isa su kafa ta, da mai majalisar gudanarwa, wadda take bukatar aƙalla mutum 15. Ta farkon ita ta dace da ƙauye. Ana yin taron kafawa, a rubuta dokoki, a zaɓi kwamitin gudanarwa da wani kwamiti daban mai sa ido, sannan a yi rajista. Da rajista ne ƙungiya take iya riƙe fili da sunanta, ta buɗe ajiya, ta shiga yarjejeniya.

Gini mai ƙarko

Ƙasa ba kayan ginin talauci ba ce. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A Yamai, a 2016, wasu masu zanen gine-gine, cikinsu har da ƴar Nijar Mariam Issoufou, sun gina gidaje shida a fili ɗaya da birgin ƙasa da aka matse da inji, aikin da aka sa wa suna Niamey 2000, domin nuna cewa iyalai da yawa suna iya zama a ƙaramin fili kowa da sirrinsa. Tun daga 1980 kuma ake koya wa magina a Nijar ginin da ba ya bukatar itace, inda ake rufe ɗaki da birgin ƙasa a lanƙwashe kamar ƙwarya a kife. Ƙungiyar Development Workshop ta horar da magina da dama a kan wannan. Irin wannan rufi sai maginin da ya koya, kada a gwada shi da ka.

Abin da ke kayar da ɗakin ƙasa sananne ne: tushe marar zurfi, ruwa mai kwanciya a gindin bango, indararo da ya toshe, da yaɓen da aka bari shekara ta zagayo ba a sabunta ba. Ƙungiya ta sa ranar gayyar yaɓe a cikin dokokinta, kowace shekara kafin ruwan farko. A buga birgi bayan kaka tun tafki bai ƙafe ba. Kowane mamba kuma ya riƙa barin tsiron itatuwa a gonarsa yana yi musu sassabe, dabarar da ta bazu daga Maraɗi tun wajen 1983 ta mayar da miliyoyin itatuwa gonakin Nijar, domin itacen rufin ƴaƴanmu daga nan zai fito.

Inda bango yake tsagewa

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani zai zo, abin da ake so shi ne ya tarar da doka a rubuce. Ga tambayoyin da dole a amsa tun ranar farko:

Wa zai fara samun ɗaki? A jefa ƙuri'a a gaban kowa, sai dai in taro ya amince a gabatar da wanda ɗakinsa ya faɗi ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu.

In wanda ya samu nasa ya daina zuwa gayya fa? Wannan ita ce cutar da ta fi kashe irin wannan tafiya. Maganinta shi ne kowane ɗaki ya zauna a hannun ƙungiya har sai na ƙarshe ya shiga nasa, a kuma yanka tara ga wanda ya ƙi zuwa ba uzuri.

In mamba ya rasu? A rubuta cewa rabonsa na magadansa ne, a raba bisa shari'a, a kuma ba iyalinsa lokaci ba tare da matsi ba. Ku nemi malamin gari ya zauna da ku ranar rubuta wannan sashe, da sashen rance, domin a kauce wa riba.

In aure ya mutu? Matar da ta zuba kuɗinta ko hatsinta a rubuta sunanta a littafi a matsayin mamba, kada a ɓoye ta a bayan sunan miji. Abin da ta zuba nata ne.

In mutum zai fita? A mayar masa da abin da ya zuba a wa'adin da aka amince, ƙungiya ta zaɓi wanda zai maye gurbinsa.

Wa ke riƙe kuɗi? Mai akwati daban, masu makulli daban, mai rubutu daban. Kada a buɗe akwati sai a gaban taro, a karanta lissafi da babbar murya domin wanda bai iya karatu ba ya ji. A nan ne amfanin wannan aji yake fitowa fili: ƙungiyar da mutum ɗaya kaɗai ya iya karanta littafinta tana hannun wannan mutumin.

Ma'anar kalmomi

Gama-kai: haɗa ƙarfi da dukiya da yarda domin biyan bukata ɗaya.
Mamba: wanda aka rubuta sunansa a ƙungiya, yana da haƙƙi yana da nauyi.
Haƙƙin zama: ikon zama a gidan ƙungiya da gadar da shi, ba tare da ikon sayarwa ga bare ba.
Rajista: shigar da sunan ƙungiya a littafin hukuma.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku matashin ya samu daga kawunsa da matar kawunsa?
2. Mene ne bambancin gandu da ƙungiyar gama-kai?
3. Me ya sa mutanen Urugwai ba sa raba gidaje sai an gama gini?
4. Mutum 12 suna zuba jika 4 kowane wata. Nawa za su tara a shekara? In ɗaki yana cin jika 144, ɗaki nawa za su gina a shekarar?
5. Mutum nawa ne mafi ƙaranci da za su iya kafa ƙungiya mai sauƙin tsari?
6. A garinku, waɗanne wurare ne bai kamata a yi gini ba? Me ya sa?

Aikin mako

Ku rabu rukuni-rukuni na mutum biyar. Rukuni na farko ya tambayo farashin kwano da ƙofa da siminti ranar kasuwa ya rubuto. Na biyu ya nemi izinin halartar zaman wani asusun mata ya rubuto dokokinsu. Na uku ya je wurin mai gari ya tambayo yadda ake samun takardar fili. Na huɗu ya zauna da magini ya ƙirgo birgin da ɗaki ɗaya yake ci. A zama mai zuwa za mu haɗa abin da kowa ya kawo mu sake lissafin da farashin gaskiya.

Ƴan'uwa ɗalibai, ƙasar gini tana bakin tafkinmu, gayya mun gaje ta, asusu iyayenmu mata sun nuna mana yadda ake riƙe shi. Abin da ya rage shi ne rubutu da lissafi, kuma su kuka zo koya a nan. Kafin tafki ya ƙafe bana, kowa ya nemi mutum huɗu da ya yarda da amanarsu, ku zauna, ku buɗe littafi, ku rubuta sunayenku da hannunku. Allah Ya ba kowa inuwar da zai kira tasa.